Rakiyar da aka yi mana a dajin Gashaka Gumti, ga yadda na gan ta

Mun yi kwana 3 a gandun dajin Gashaka Gumti a watan Janairu ni da abokaina biyu, tun da na dawo ake ta tambayata ko kuɗin da muka biya na ɗan rakiya ya yi amfani, toh amsata ita ce wallahi in da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan sake biya ba tare da na yi ciniki ba, shi ne wannan.

Daga Jalingo muka bi ta Bali muka sauka a Serti, nan hedikwatar gandun take, nan ake rajista a haɗa ka da ranja, wato ma'aikacin gandun da zai yi maka rakiya. Wanda ya saba da Yankari inda ake zuba mutane a mota a zaga da su ya cire wannan a ransa, nan ƙafa ce ke aiki. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, an mai da shi na ƙasa a 1991, kuma Chappal Waddi da ya fi kowane tsauni tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, yana can ta bakin iyakar Kamaru. Mu dai ba mu hau shi ba, wajen Kwano muka nufa inda masu bincike kan birai suke da sansani.

Wanda aka ba mu dattijo ne ɗan yankin, yana jin Hausa yana jin Fulatanci, Baba kawai muke ce masa. Tun kafin mu tashi ya dubi rigar abokina shuɗiya ya ce samari a canza wannan, tsando na son shuɗi da baƙi. Haka kuwa aka yi, ni da na bar baƙar jaka a bayana na sha cizo a kafaɗa har ta kumbura.

A rana ta biyu ne na san darajar mutumin nan. Muna gangara wani kwari ciyawa ta kai mana ƙirji sai kawai ya ɗaga hannu ya tsaya cak, bai ce uffan ba, ya nuna mana kashi a ƙasa kamar na shanu, ɗanye, ko ƙuda bai gama taruwa a kai ba, sannan ya tsuguna ya ɗebi ƙura ya saketa daga yatsunsa ya ga inda iska ke kai ta. A lokacin ne nima na ji warin, irin na garke da safe. Ɓauna ce. Ya raɗa mana cewa kar wanda ya ruga kar wanda ya ɗaga waya, muka ja da baya a hankali muka hau gefen tudu, daga can muka hango bayansu su huɗu ko biyar, carki na tsalle a kan gadon bayan ɗaya. Gabana ya jima yana faɗuwa. Zagayen da ya sa muka yi ya ƙara mana kusan awa guda amma ba wanda ya yi ƙorafi.

Cimfanzi kam, wato manyan biran nan masu kama da mutum, ba mu gan su ido da ido ba, kuma abin da ya burge ni tun a Serti bai yi mana alƙawarin za mu gani ba, cewa ya yi sai in Allah ya sa da rabo. Sheƙarsu ya nuna mana can sama, rassa an lanƙwasa an saƙa kamar gado, ya ce kowane dare sabuwa suke yi, da asuba kuma muka ji ihunsu daga nesa haɗe da wani dum dum dum, ashe saiwar manyan bishiyoyi suke duka da hannu da ƙafa. Gwaggon biri kuwa sai da muka gaji da gani, ga wasu birai baƙaƙe masu farin gashi a gefe da doguwar jela suna shawagi daga reshe zuwa reshe. A kogin Mayo Kam ya hana mu matsawa bakin ruwa saboda dorina da kada, daga kan dutse muka tsaya.

Abin da ya ɓata min rai ba daga wajensa ba ne. Mai motar da muka yi haya da kanmu a gari ya ce zai dawo ɗaukar mu ƙarfe 10 na safe bai iso ba sai bayan la'asar, ga ba sabis ɗin waya balle mu kira shi, don haka duk mai zuwa ya riƙe rabin kuɗin mota sai an dawo da shi. A zo da takalmi mai rufe idon sawu a cusa wando cikin safa saboda kwarkwasa, a zo da maganin sauro da fawa bank da tocila, sannan a zo da rani, Disamba zuwa Maris, da damina rafuka na cika hanya ta yanke.

Baba ya ce hawan Chappal Waddi sai an ware kwanaki da ƴan dako, mun riga mun fara tara kuɗin baɗi in Allah ya kai mu, kuma shi za mu nema.