Tiyon mai da filta: wanne ya dace da bagi a rairayin Damagaram?

Yawancin ƙananan motocin shiga rairayi da ake kira bagi daga Sin suke zuwa, da inji irin GY6 mai cc 150, kuma kafireta ce ke ba su mai. Injin yana da juriya. Abin da ke saurin gazawa shi ne siririn tiyon da ke kai mai daga tanki, da ƴar filtar da ke tsakiyarsa. Zafin watan Afrilu da Mayu, da yakan wuce digiri 40, yana busar da roba, ƙurar hunturu kuma ba ta barin bakin tanki.

Tiyo iri uku za ka tarar a wajen masu kayan gyara. Farin nan da ake hango mai a cikinsa ya fi araha, amma idan na roba ne zalla fetur da rana suna sandarar da shi, ya tsage daidai inda aka ɗaure shi. Ban ba kowa shawararsa ba, domin mai da ke ɗiga kusa da salansa gobara ce. Na biyu baƙi ne mai zare a ciki, an buga masa SAE J30 R7 a jiki. Don injin kafireta aka yi shi, yana ɗaukar matsi har psi 50, abin da ya zarce buƙatar bagi nesa ba kusa ba. Na uku, R9, na motocin da famfo ke tura mai da ƙarfi ne. Nagari ne, sai dai ya fi tsada kuma ya fi tauri wajen lanƙwasa. In motarka mai kafireta ce, R7 ya wadatar. Ka yanko guntun tsohon ka tafi da shi kasuwa, don faɗin cikin yakan kasance milimita 5 ko 6, kuma wanda ya yi sako-sako zai yi yoyo ko ka matse shi.

Filta ce ta fi buƙatar tunani. Tun 2011 matatar SORAZ ke tace mai a arewacin gari, amma wanda ya nufi Tanut ko Gure ya san sau da yawa man kwalba na bakin hanya zai zuba, kuma yashi na biyo mazurari. Filta mai raga tana wankuwa a mayar, mai na wucewa cikinta da sauƙi, amma ƙura mai laushi tana tsallake ta har ta toshe ƴan ramukan kafireta. Mai takarda tana kama har wannan ƙurar, sai dai tana saurin cika. A bagin da mai ke gangarowa da nauyinsa, ba famfo, ƙaramar filtar takarda kan shaƙe injin idan an taka wuta. Shi ya sa na fi son mai takarda amma ƴar babba, wadda jikinta ke nuna dattin da ta tara. Mai jikin gilashi kuwa a bar ta, girgizar hanya na fasa ta.

Wajen ɗaurawa, ka ce wa bakanike ya bi kibiyar da ke jikin filtar, bakinta ya dubi kafireta, ya sa zoben ƙarfe mai matsewa a kowace mahaɗa maimakon waya, ya kuma nisanta tiyon daga salansa. Ka sayi filta biyu, ɗaya ta zauna cikin kayan aikinka.