Hattara da masu sayar da sauraro ga mawaƙan da ke shirin sakin waƙa

Mawaƙin da ba shi da kamfani a bayansa, da zarar ya sanar da ranar sakin waƙarsa, sai saƙonni su fara shigowa ta Instagram da imel. Wannan ya ce yana da jerin waƙoƙi a Spotify mai tarin mabiya, ka biya ya saka taka. Wancan ya ce yana da nasa a cikin editocin Spotify, masu zaɓen waƙoƙin da ke shiga jerin da Spotify ɗin ke haɗawa da kanta. Wani ma kai tsaye zai yanka maka farashi: sauraro kaza cikin mako guda, in bai cika ba a mayar maka da kuɗinka. Sun san lokacin zuwa. Ka gama zuba abin hannunka a sutudiyo, rana ta ƙarato, fargabarka ɗaya kada waƙar ta fita ka ji shiru kamar an shuka dusa.

To ka sani, babu mai iya yi maka alƙawarin yawan masu sauraro, domin ba shi da iko da kunnen kowa. Wanda ya ce zai cika maka lamba, abin da yake da shi asusun bogi ne jibgi guda, kwamfuta na juya su dare da rana. Spotify tana ƙirga sauraro ne idan waƙa ta kai daƙiƙa 30, shi ya sa asusun nan ke ɗan wuce hakan kaɗan su tsallaka zuwa ta wani da shi ma ya biya. Lamba za ta hau kam, har ka ɗauki hotonta ka nuna wa abokai.

Abin da ke biyo baya shi ne ba sa faɗa. Tun 2024 Spotify ke cin tarar kamfanonin rarraba waƙa a kan kowace waƙar da aka kama da sauraron bogi ƙarara. Kamfanin da ka ɗora waƙarka ta hannunsa ba zai ɗauki asarar don Allah ba: yana iya mayar da tarar kanka, ya riƙe kuɗinka, ya sauke waƙar, wani lokaci ya rufe asusun ɗungurungum. Ɗan damfarar kuwa ba abin da ya taɓa shi, sai dai ya sauya suna ya nemi wani. Ko ba a kama ka ba ma akwai ɓarna. Manhajar tana lura da irin mutanen da ke jin waƙarka ne don ta san wa za ta kai wa ita gaba. Idan masu jin naka ba mutane ba ne, wa za ta kai wa?

Ba ƙaramar harka ba ce. Cibiyar kiɗa ta ƙasar Faransa ta fitar da rahoto a 2023 cewa kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na sauraron ƙasar a 2021 na bogi ne, kuma wanda aka gano ke nan. A Satumban 2024 masu gabatar da ƙara a Amurka sun tuhumi wani mawaƙi, Michael Smith, da karɓar sama da dala miliyan 10 ta wannan hanya.

Akwai wata dabara da ta fi ba ni haushi. Sai su jefa waƙarka cikin jerinsu ba tare da ka nema ba, lamba ta yi tsalle, sannan saƙo ya zo: ka ga aikinmu, wannan ɗanɗano ne, biya mu ci gaba. Kada ka yi murna. Buɗe Spotify for Artists, shafin da mawaƙi ke ganin alƙaluman waƙoƙinsa, ka duba. Idan sauraron ya taru a birni guda na ƙasar da ba ka da ko mabiyi ɗaya, ko masu ji sun ninka amma ba wanda ya adana waƙar ko ya bi ka, ko jerin ya cakuɗa salon da ba su da alaƙa, to ka kai rahoton jerin ga Spotify, ka kuma sanar da kamfanin rarrabawarka a ranar.

Hanyar kaiwa ga editoci ta gaskiya kyauta ce. Ka miƙa waƙar ga mai rarrabawa da wuri, kamar makonni huɗu kafin rana, sannan ka gabatar da ita ta Spotify for Artists aƙalla kwana 7 kafin ta fita. Ba tabbas za su ɗauka, amma gabatarwar na sa ta shiga Release Radar na mabiyanka, wato jerin sababbin waƙoƙin da Spotify ke haɗa wa kowane mai sauraro duk mako. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya kai wa edita, aljihunsa zai kai wa.

Ban ce duk tallan da ake biya zamba ba ne. Mai tura waƙarka ga 'yan jarida ko mai tsara maka talla a Instagram aikinsa yake sayarwa, kuma zai gaya maka sakamako ba a hannunsa yake ba. Ko shi ɗin, kada ka ba shi kalmar sirrin asusunka na rarrabawa, don mai ita yana iya sauya inda kuɗinka ke shiga. Idan kuwa ka riga ka biya masu lambar, ka ce su cire waƙar yanzu, ka adana saƙonninku da shaidar biya, ka rubuta wa mai rarrabawarka tun kafin shi ya rubuto maka.