GARGAƊI: Na biya kuɗin sa ido na wata 24, ashe ko layin waya babu a akwatin

Jama'a, raina a ɓace yake, ku yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse. Mutumin da ya saka min ƙararrawar ɓarayi a gida ɗan damfara ne. Ya karɓi kuɗin sa ido na wata 24 a dunƙule, ban da kuɗin kaya da na aiki. Wata 24 cif, alhali ko dare ɗaya babu wanda ya taɓa sa ido a kan gidana.

Kada wani ya zo min da "ai da ka bincika". Na bincika, kuma na san yadda abin yake aiki tun kafin ya taka ƙofata. Ana manna 'yan na'urori masu maganaɗisu a ƙofofi da tagogi, a kafa mai gano motsi a kusurwar ɗaki, wadda ɗumin jikin mutum take ji, dukansu suna kai rahoto ga babban akwatin da ke bango. Idan aka buɗe ƙofa alhali an kunna shi, zai ba ka 'yan daƙiƙoƙi ka danna lambar sirri. Ba ka danna ba, jiniya ta ɗauka, akwatin kuma ya tura saƙo ta layin waya ko intanet zuwa cibiyar da ma'aikata ke zaune dare da rana. Su kira ka su tambayi kalmar sirri. Idan ba su same ka ba, su nemi mutum na biyu da ka ba da lambarsa, daga nan sai jami'an tsaro. Wannan kiran shi ake biya wa kuɗi. Jiniya kuwa kowa zai iya saye ya rataya.

Shi ya sa na ce ba zan ba da ko kwabo ba sai an gwada a gabana. Ya ce, "Yallaɓai, buɗe ƙofar da hannunka." Na buɗe, jiniya ta ɗauka, can sai wayata ta yi ƙara. Wata murya a natse ta ambaci sunana, ta ce an sami alama daga ƙofar gaba, mene ne kalmar sirri. Shi yana tsaye gefe yana murmushi, hannunsa ɗaya a aljihu. Hannun nan a aljihu shi nake ta gani har yanzu. Abokin cin mushensa yake yi wa alama da waya, ni ina tsaye ina jin daɗi. Don Allah wa zai ga ƙofa ta buɗe, waya ta yi ƙara, an kira sunansa, ya ƙi yarda? A nan take ya ce akwai rangwame ga mai biyan wata 24 gaba ɗaya, na tura masa.

Ƙanwata ce ta tona asirin. Na yi tafiya, ta shiga ɗauko kaya, lambar ta kwanta mata. Jiniya ta yi ta kuka har maƙwabta suka fito, babu wanda ya kira ni. Af, tun kafin wannan ma, an taɓa ɗauke wuta akwatin ya mutu murus, alhali batirin ciki ya kamata ya riƙe shi na sa'o'i. Na kira mai sakawar a ranar, ya zo ya ce ya canza batirin. Wani ma'aikacin da na kawo daga baya ya kwance murfin: gurbin layi wayam, ba a haɗa shi da intanet ba, batirin kuma tsoho ne ya kumbura. Ya ce akwatin gaskiya yana aika wa cibiya saƙon gwaji lokaci-lokaci, idan ya yi shiru su ne za su fara nemanka. Iyalina sun yi ta kwana a gidan nan ina ce musu akwai masu tsaro. Wannan ya fi kuɗin wata 24 ɗin ci min rai.

Lambar ɗan damfarar yanzu a kashe take, ta "cibiyar" ma haka. Rasit, hirarmu da hoton akwatin a buɗe duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar na gama shigar da ƙara.

Kada ku biya shekara gaba ɗaya. Ku nemi sunan cibiyar da lambar rajistarku a rubuce, ku kira su da kanku, kuma ku tayar da ƙararrawar ranar da mai sakawar ba ya nan.