Wace Manhaja Za Ka Ɗauka Don Darasin Ja-Ka-Ajiye?

Malaman Hausa da ke shirya darussan aikin Hajji a Makka da Jidda sun fara barin dogon sautin WhatsApp, suna neman darasin da almajiri zai taɓa da yatsa, ya jawo sunan wuri ya ajiye a kan ranarsa. Kafin ka fitar da riyal ɗinka, duba yadda kowace manhaja take riƙe wannan aikin, domin galibin matsalar da ake kuka da ita daga baya tun wajen saye aka kwaso ta.

Ga gwajin da nake so ka yi wa kowacce. Jera ranaku: 8 ga Zulhijja, 9, 10, da kwanakin tashriƙ. A gefe ka sa Mina, Arfa da Muzdalifa. Arfa ba ta da gardama, ranar 9 ce. Mina kuwa ana zuwanta ranar 8, a dawo mata ranar 10, a ci gaba da kwana a cikinta. Suna ɗaya ke nan da gurbi fiye da ɗaya, kuma a nan bambancin yake fitowa.

Articulate Storyline ita ce mai tsada, kuma ita ce mai ba ka iko mafi yawa. Kana iya sa abin da aka ajiye a wurin da bai dace ba ya koma mazauninsa, ko ya sauya launi, ko a ɓoye hukunci sai almajiri ya miƙa amsa. Amma a tsarin tambayarta na asali kowane abin ja gurbi ɗaya yake da shi. Sai ka kwafi Mina sau uku, kuma idan almajiri ya sa kwafi na biyu a gurbin na farko, manhajar ta ce ya faɗi alhali ya ci. Ana gyarawa da ƙarin umarni na hannu, aikin da ke cin dare. Windows kaɗai take hawa, kuɗinta ya haura dala 1,000 a shekara, wato sama da riyal 3,750 tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce. Cibiya mai ma'aikata za ta iya. Malami shi kaɗai, da wuya.

H5P kyauta ce, daga Norway ta fito, kuma tun 2020 tana cikin Moodle, wato dandalin da makarantu ke ɗora darussa a intanet. A matsalar Mina ta fi kowa sauƙi: akwai zaɓin da ke barin a jawo abu ɗaya sau da yawa. Tarkonta daban ne. Dole ka yi alama sau biyu, a kan abin ja ka nuna inda aka yarda a ajiye shi, sannan a kan gurbin ka nuna wanne ne daidai. Ka manta ta farko, abin ya ƙi zama. Ka manta ta biyu, maki ya ƙi fitowa. Yawancin masu cewa “ta lalace” a nan suka tsaya. Wanda ba shi da Moodle zai iya gina darasin a kwamfutarsa da wata manhaja mai suna Lumi.

iSpring Suite ta wanda ya saba da PowerPoint ce. Da wuri ake koyonta, amma ita ma kuɗin shekara ce kuma sai Windows. Adobe Captivate ban ga dalilin da mai farawa zai nufe ta ba, sai in wurin aikinsa sun riga sun saya.

Abu biyu ba za ka gani a tallar manhajojin nan ba. Na farko rubutu: saka ƙ, ɗ da ɓ, ka haɗa su da lafazin talbiyya na Larabci a layi ɗaya, ka ga ko haruffa sun zama akwatuna ko jimlar ta juya baya. Mai rubuta ajami ya ninka wannan gwajin. Na biyu waya. Almajiranka da wayar Android za su buɗe, ba kwamfuta ba, kuma hoton da ya yi kyau a babban allo yakan tsuke har gurbi ya fi kan yatsa ƙanƙanta, ko kuma shafin gaba ɗaya ya riƙa bin yatsan. Rage abubuwan ja zuwa huɗu ko biyar, ka faɗaɗa gurabu, ka ba Baba Alhaji wayar ya gwada da kansa. Ƙa'idar WCAG 2.2 ta 2023, wadda ke tsara yadda masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shafukan intanet, ma ta nemi duk abin da ake yi da ja a samar masa wata hanyar ta taɓawa kawai.

In darasin zai shiga dandalin karatu na Blackboard, kamar yadda jami'o'in Saudiyya da dama suke amfani da shi, tambayi masu kula da shi wane SCORM (tsarin da ake kunshe darasi da shi don dandalin ya karanta) suke karɓa, 1.2 ko 2004. Storyline da iSpring suna fitar da duka biyun. In kuwa kai kaɗai ne da almajiranka, fara da H5P. Manhajojin da ake biya suna ba da kwanakin gwaji kyauta, ka gina tambayar Mina a ciki kafin kwanakin su ƙare.