Mazda RX-8 ta hannu: abin da na gani da gyaran da zan fara da shi

Mazda RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, mota ce da nake yaba wa ƙwarai, amma ba zan ba kowa shawarar sayenta ba. Injinta mai suna Renesis ba shi da fistin, yana da rota biyu masu kusurwa uku da ke juyawa a cikinsa, kuma ko da yake girmansa lita 1.3 ne kawai, a samfurin mai giya shida da ake canzawa da hannu yana kaiwa juyi 9,000 a minti ba tare da jijjiga ba. A kwana kuwa motar tana kama hanya yadda ya kamata, domin nauyinta ya rabu daidai tsakanin gaba da baya.

Kafin in biya kuɗin tawa, na sa an auna ƙarfin matsin injin yana da zafi, da na'urar da aka yi musamman domin irin wannan inji, saboda idan ƙarafan da ke toshe bakin kusurwoyin rota suka cinye, babu makawa sai an sauke injin gaba ɗaya. Duk wadda ke wahalar tashi bayan ta yi zafi, a bar wa mai ita.

Tana shan fetur sosai, kuma da gangan take ƙona baƙin mai domin shafa wa waɗannan ƙarafa, don haka dole ne a riƙa duba shi akai-akai.

A ganina, sauya salansa da tayoyin ƙawa ba su ne na farko ba. Zan fara da sababbin kwayil (masu ba fulogi wuta), fulogi da wayoyinsu, sannan lagireto, domin zafi yana saurin lalata wannan inji.