Wace Na'ura Za Ka Saya Don Aikin Koren Ƙyalle?

Kafin ka sa hannu a aljihu, ƙirga kyamarori nawa ne za su fuskanci koren ƙyallen a lokaci guda. Wannan ƙidayar ce za ta raba maka gardama.

Abin da ake kira kiroma ki ba siddabaru ba ne. Na'urar haɗa bidiyo tana gano koren da ke bayan mai magana, ta share shi, ta cusa wani hoto a gurbinsa, ko taswirar yanayi ko zauren labarai. An fi zaɓar kore domin ya yi nisa da launin fatar mutum, kuma kyamarar dijital ta fi ganinsa tangaran.

In kyamara ɗaya ce, ATEM Mini na kamfanin Blackmagic, wanda ya fito a 2019, ya wadatar. Yana da kafar HDMI 4, wato inda ake jona kyamara, da mashare kore guda ɗaya. Za ka ɗora ɗan akwatin da ke fitowa a allo a kan hoton ƙyallen ya ɗebi ainihin launin, sannan ka rage koren da ya fantsama a gashi da kafaɗa. Matsalarsa takan fito ne ranar da ka ƙara kyamara ta biyu, don kowace da yadda take ganin koren, saitin ɗaya ba zai zauna wa ɗayar ba. A nan ATEM Mini Extreme ke amfani, mai kafa 8 da mashare 4, kyamara har 4 kowace da nata saitin.

Roland V-1HD ma kafa 4 gare shi, yana share kore ko shuɗi, ga sandar sauya hoto mai daɗin riƙo. A ganina ya fi dacewa da ɗora rubutu da tambari fiye da fitar da silin gashi.

Akwai kuma hanyar manhaja. OBS Studio kyauta ce, vMix ta kuɗi ce kuma a Windows take aiki. Sai dai nauyin duka yana kan kwamfutarka, kuma galibi sai ka sayi abin shigar da hoton kyamara daban. In kwamfutar ta yi zafi ana tsakiyar shiri kai tsaye, hoto zai fara tsalle. Ultimatte kuwa, na'urar share kore ce ta ƙwararru, mai farawa ya ƙyale ta tukuna.

Ko wanne ka zaɓa, ware kuɗin fitilu, domin ƙyalle mai lanƙwasa ko inuwa ba na'urar da za ta rufa masa asiri. Ƙyallen da fitilunsa, mutumin da nasa, a bar tazarar kamar mita 2 tsakaninsu.

In an ba ka damar gwaji, tsayar da mai tabarau a gaban ƙyallen, ya ɗaga kofin gilashi ya kaɗa hannu da sauri. Ka zuba ido a gefen yatsunsa da bakin kofin.