Na sayi tarin fayilolin FBI kan ma'aikatan jiragen ruwa na Amurka, ga yadda na same su

Sati uku kenan da na sayi wani tarin takardu a intanet, wato fayilolin da hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta tara kan shugabannin ƙungiyoyin 'yan dakon tashar jiragen ruwa da matuƙa a Amurka, waɗanda aka riƙa zarginsu da kwaminisanci. Ba zan kama sunan masu sayarwar ba. Kana biya da kati sai su turo maka PDF ka sauke, wannan ɓangaren kam babu matsala, nan take ya shigo.

Matsalar daga buɗewa ta fara. Sikanin ɗin wallahi bai yi ba, wasu shafukan a karkace, wasu sun yi duhu kamar an yi fotokwafi sau goma, kuma ba za ka iya neman kalma a ciki ba sai dai ka bi shafi-shafi da ido, babu jerin abubuwan da ke ciki, takardar 1941 sai ka ganta bayan ta 1950. A waya kada ma ka gwada, sai laftof. Baƙin tawadar da aka shafe sunaye da shi ba laifinsu ba ne, haka hukumar take sakin takardunta, amma ai da sun yi bayani ko na shafi ɗaya ne cewa b7C da b7D da ake rubutawa a gefe lambobin dokar bayar da bayanai ne, na farko don sirrin mutane, na biyu don ɓoye wanda ya kai rahoto. Ni sai da na sha wahala kafin na gane.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba, saboda Harry Bridges. Mutumin Ostareliya ne, an haife shi a Melbourne a 1901, ya shigo Amurka a 1920 ya zama ɗan dako a San Francisco. A lokacin kullum da asuba sai ma'aikata su taru a bakin tashar, fomen ya nuna wanda ya ga dama da yatsa, sauran su koma gida hannu rabbana, wanda ya ba da cin hanci shi ke samun aiki. Wannan wulaƙancin ne ya jawo yajin aikin 1934 da ya yi kwana 83, kuma ranar 5 ga Yuli 'yan sanda suka harbe mutum biyu, Howard Sperry da Nick Bordoise, garin gaba ɗaya ya tsaya cak na kwana huɗu. Daga nan Bridges, ɗaya daga cikin jagororin yajin, ya zama ƙashin kifi a wuyan gwamnati da masu kamfanonin jirage.

Ku duba yadda aka bi shi fa. A 1939 aka yi zaman korarsa daga ƙasar bisa zargin kwaminisanci a tsibirin Angel, James Landis da ya saurari shari'ar ya ce babu hujja. Aka sake doka a 1940 aka dawo da shi, Antoni Janar Francis Biddle ya ba da umarnin kora a 1942, Kotun Ƙoli ta soke a 1945. Ya zama ɗan ƙasa, sai aka ce ya yi rantsuwar ƙarya, aka yanke masa shekara biyar a 1950, Kotun Ƙoli ta sake sokewa a 1953, a 1955 ma aka ƙara gwadawa bai yiwu ba. Shi dai bai taɓa ɓoye cewa yana aiki tare da 'yan kwaminis ba, zama memba ne ya musanta, kuma masana tarihi har gobe suna gardama a kai. A 1941 a otal ɗin Edison na New York ya gano cewa jami'an FBI suna ɗakin da ke jikin nasa suna sauraronsa, sai ya riƙa yayyaga takardun banza yana zubawa a kwandon shara, ya koma wani gini da madubin hangen nesa yana kallonsu suna harhaɗawa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne irin rubutun da ke cikin fayilolin. Sai ka ga an ce T-1 ya ce kaza, T-2 ya ga wane a taro, wato lambobin masu kai rahoto, babu suna babu fuska, kuma da irin wannan maganar ake raba mutum da abincinsa. Na daɗe ina kallon wani shafi da kusan duk an shafe shi baƙi ƙirin, layi biyu kawai suka rage, ina tunanin wanda aka rubuta a kansa ko ya mutu bai san wa ya kai shi ba, ƙila ma abokin da suke ɗaukar kaya tare ne.

Inda tarin ya gaza sosai shi ne ƙananan ma'aikata. Masu sayarwar sun tallata shi kamar ya haɗa kowa, amma kusan duk manyan sunaye ne. Alhali bayan dokar Magnuson ta 1950, lokacin yaƙin Koriya, dakarun tsaron gaɓar teku ne suka riƙa tantance matuƙa da 'yan dako, a hana mutum takardar aiki ba tare da an gaya masa wa ya zarge shi ba, sai a 1955 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hakan ya saɓa ƙa'ida a shari'ar Parker da Lester. Baƙaƙen fata sun sha wuya ƙwarai. Hugh Mulzac da ya tuƙa jirgin Booker T. Washington tun 1942 shi ma an hana shi aiki, Ferdinand Smith ɗan Jamaika sakataren ƙungiyar matuƙa ta NMU kuwa an kama shi a 1948, ya bar ƙasar a 1951. Wannan ɓangaren na so in gani da yawa, ban samu ba.

Kuma tallar tasu ta ɓata min rai, wai a zo a ga gaskiyar 'yan kwaminis, bayan rabin abin da ke ciki ji-ta-ji-ta ce ta masu kai rahoto, kuma a shari'o'in Bridges ɗin nan wasu alƙalai sun ƙi yarda da irin waɗannan shaidun. Ɗalibin da bai san tarihin ba zai ɗauka duk abin da ke kan takarda mai tambarin gwamnati tabbas ne.

Tauraro uku na ba su cikin biyar. Kafin ka biya ka fara dubawa, irin waɗannan takardun da yawa akwai su kyauta a intanet. Na tura musu saƙo su jera shafukan bisa shekara su kuma gyara sikanin ɗin, yau kwana tara ba amsa.